Aiki a ƙirji, jinya a hannu

Duk wanda ya ji an ce za a cire wa mace mama, ƙirjin yake hangowa. Ni ma shi na yi ta hangowa har ranar da aka tura ni ɗakin tiyata. Amma watannin da suka biyo baya hannuna na dama ne ya cinye su, shi da gardamar da aka sha a gidanmu kan ko ya motsa ko ya kwanta.

Ni malamar firamare ce a nan cikin Katsina, na haura shekara 40. Ƙullutu na fara ji a maman dama, ba zafi ba raɗaɗi. Aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya dawo sankarar mama. Ba da wuƙa aka fara ba. Kemo, wato maganin sankara da ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa, aka fara ɗaura mani duk bayan sati uku, don ƙarin ya motse kafin a taɓa shi. Wannan labari ne mai zaman kanshi, da zubewar gashi da ɗacin baki da farata da suka yi baƙi, ba shi na kawo yau ba. Da aka gama, aka ba jiki 'yan makonni jini ya farfaɗo, sannan aka sa ranar aiki.

A nan maganar da kowa ya sani ta taso: daji ba ya son ƙarfe. Gwaggo, wadda ta riƙe mu bayan rasuwar Inna, ta taso tun daga Batagarawa ta zo ta faɗe ta a gaban Malam. Ban ga laifinta ba, don ta lissafo mata da sunayensu, waɗanda aka yi wa aiki ba su shekara ba. Abin da bai shiga lissafinta ba shi ne lokacin da suka isa asibiti. Sankarar mama ita ce dajin da ya fi kama mata a Najeriya, kuma yawancinmu ba mu zuwa sai ta kai mataki na 3 ko na 4, bayan an gama shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wani lokaci har ta fashe ko ta kai huhu da ƙashi. In irin wannan ta rasu, sai a ce wuƙa ce ta kashe ta. Malam ya saurara har ta dire, ya ce, "Gwaggo, a dai sa mu a addu'a." Washegari muka sa hannu a takarda.

Aikin ba mama kaɗai yake ɗauka ba. A hammata akwai 'yan ƙwayoyin nan da muke ce wa kaluluwa in sun kumbura. Ta cikinsu ruwan jiki da ke dawowa daga hannu da ƙirji yake bi a tace shi, kuma nan dajin mama ke fara sauka in ya tashi yaɗuwa. Nawa sun riga sun taɓu, don haka likita ya kwashe su tare da maman. A wurin kwashewar akwai wata siririyar jijiya mai kai ji zuwa cikin damtse, wadda sau da yawa sai an yanke ta ko an ja ta. Awa biyu zuwa uku ake yi. Na farka maƙogwaro a bushe, ƙirji naɗe da bandeji, ga siririn tiyo ya fito ta gefen haƙarƙarina ya shige wata roba.

Gari na wayewa, ko karyawa ban yi ba, Sista ta tsaya a kaina.

"Malama, tashi za ki yi, mu taka zuwa bakin ƙofa."

Yayata, wadda ke jinyata, ta miƙe daga tabarma. "Haba Sista, ki ji tsoron Allah! Jiya-jiya fa aka yanka ta."

"Ai shi ya sa, Hajiya. Kwanciyar ce abin tsoro, ba tashin ba."

Ta yi mamu bayani tana kwance mani robar ruwa daga ƙarfe. Wanda aka yi wa babban aiki, musamman mai daji, in ya daɗe kwance jini kan daskare a jijiyar ƙafarshi, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Majina kuma kan taru a ƙirji in ba a jan numfashi sosai. Na taka, jiri na ɗibata, Yaya na biye da mu tana salati. Da muka dawo Sista ta koya mani aikin farko: in dunƙule hannun in buɗe, in lanƙwasa gwiwar hannu in miƙe, in ɗaga kafaɗu sama in sauke. Ta ce muddin tiyon nan na jikina kar in ɗaga hannun ya wuce kafaɗa, amma kar in kuskura in manne shi a ciki in ce ina lallaɓa shi. Kafaɗar da aka bari ba motsi ƙagewa take yi, kuma kwance ta ya fi aikin kanshi daɗewa.

Jinyar Bahaushe ta kwanciya ce. Mai ƙaunarka shi ne wanda zai ce kar ka ɗauki ko tsinke, ya miƙo maka ruwa har baki, ya gyara maka matashi. Haka muka tashi muka gani, kuma ga ciwo da yawa daidai ne. Wannan ciwon ne bai yarda da ita ba. Da na koma gida, sai na zama kullum ina tsakanin takardar asibiti da mutanen da suka bar gidajensu suka zo don ni.

Da robar na koma. Ɗiyata ta ɗinka mata 'yar jaka da ragowar atamfa, na riƙa ɗaure ta a ƙugu ƙarƙashin zane, don in na manta na miƙe kar ta faɗi ta fizgi tiyon. Kullum da safe, lokaci guda, Malam zai duba inda ruwan ya kai a jikin lambobin robar ya rubuta a bayan katin asibiti. Da farko ja ne kamar zoɓo, ya riƙa kwaranyewa yana yin fatsi-fatsi har ya koma ruwan ɗorawa. An ce mamu sai abin da ke fita a awa 24 ya sauko wajen mililita 30 za a cire, kuma yakan ɗauki sati ɗaya zuwa uku. An kuma lissafa mamu abin da in mun gani ba jiran ranar asibiti: zazzaɓi da ya kai 38, wurin ya yi ja ya ɗau zafi ko ya fara wari, ƙirjin ya kumbura farat ɗaya, ƙwauri ɗaya ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya yi wuya.

Ƙananan abubuwa ne suka fi ba ni mamaki. Ɗaurin kallabi hannu biyu yake so a sama, ni kuwa kaina ba gashi, ba na son kowa ya gani. Sai na koma hular saƙa. Riga mai shiga ta kai ta gagara, na koma tsofaffin rigunan Malam masu maɓalli a gaba. Tun ina yarinya ta dama nake kwanciya, yanzu sai rigingine, da matashi ƙarƙashin hannun. Salla a zaune na fara, in ɗaga hannu wurin kabbara iya inda ya tsaya. Alwala ba ta sami matsala ba, tunda mikin ba a gaɓɓanta yake ba. Wanka ne na aika aka tambayo malamin unguwarmu, ya ce in wanke inda ruwa ba zai cutar ba, in shafa a kan bandejin, addini bai ɗora wa kowa abin da zai cuce shi ba.

Sai 'yan dubiya. Allah ya saka masu da alheri, lemu da ayaba da kankana har muka riƙa rabawa maƙwabta, ga 'yan kuɗin da ake cusawa ƙarƙashin matashi, waɗanda suka biya wankin miki ba sau ɗaya ba. "Ya jiki?" "Da sauƙi." "Allah ya sa kaffara ne." Amma mace ta shigo da murnarta, hannun daman nan za ta cafka ta girgiza. Wata kuma bakinta na gaisuwa idonta na kan hijabina, tana auna wane ɓangare ne. Kowace da maganinta a leda. Daga baya Yaya ta koma zama bakin ƙofa tana cewa ta samu barci, ko da idona biyu.

Babbar rigimar ta ruwan zafi ce. Wata safiya na ji tafasasshen ruwa na huci a tsakar gida, Gwaggo ta shigo da tsumma a hannu.

"Kwance rigar nan in gasa maki wurin. Mace ta haihu ma gasa ta ake yi, balle wadda aka yanka. In ba a gasa ba jini zai kwanta."

"Gwaggo, sun hana."

"Su wa? Yaran da aka haifa gabana?"

Na rasa yadda zan yi mata musu, sai na kama hannunta na ɗora a cikin damtsena, na ce ta mintsine ni. Ta mintsina. Na ce ta ƙara. Ta ƙara har farcenta ya fito a fatar, ni kuwa ban ji komai ba sai ɗan nauyi daga nesa. Tun daga hammata har gefen ɗinkin haka fatar take, a sage. Na ce, "Kin gani, Gwaggo? In kika ɗora mani ruwan nan, sai na sale ban sani ba." Ta daɗe tana kallon shatin farcenta. Ruwan dai wanke-wanke aka yi da shi. Ba ta ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Ta abinci kuwa ba ta ƙare da sauƙi haka ba. A wurin Gwaggo ƙwai da kifi da gyaɗa suna sa miki ya yi ruwa. Kunu da tuwo miyar kuka su ne abincin majinyaci. A asibiti kuma an ce mani nama ba ya haɗewa sai da abin da ke gina shi, kuma kemo ya riga ya cinye mani jini. Muka raba: in sha kununta a gabanta, ɗiyata kuma ta shigo mani da dafaffen ƙwai, wake, awara, hanta, kwaɗon zogale da ƙuli, da fura da nonon da aka tafasa. Maganin ciwon da aka ba ni yana ɗaure ciki, don haka gwanda da ruwa mai yawa suka zama dole.

Ranar da aka fara buɗe bandejin ina kallo, layi ɗaya na gani, tun daga tsakiyar ƙirji har cikin hammata, wurin a shafe. Na yi kuka a motar dawowa, na kuma yi da dare. Malam bai ce mani ba komai ba ne, don ya san da komai. Cewa ya yi, "Ke muke so a gidan nan." Abin da ba wanda ya gaya mani shi ne zan riƙa jin ƙaiƙayi a kan maman da babu shi, in kai hannu in tarar da wayam. Na ɗauka taɓuwa na fara, sai likita ya ce jijiyoyin da aka yanke ne ke aika saƙo, mata da yawa na ji, yana kuma raguwa.

Bayan an cire tiyon da 'yan kwanaki, gefen hammatar ya cika, in na juya sai in ji ruwa na motsi. Gidan ya rikice, aka ce ga shi nan, daji ya dawo. Muka koma asibiti a tsorace. Likita ya taɓa ya ce ruwan jiki ne ya taru a gurbin da aka kwashe, ya zuƙe shi da sirinji, ko zafin allurar ban ji ba. Ya sake taruwa, aka sake zuƙewa, daga nan ya ƙafe.

Daga nan aka ba ni izinin hawa bango. In fuskanci bangon ɗaki, in ɗora tafukan hannu biyu, in riƙa takawa da yatsu sama sannu a hankali har inda na ji ya ja, in tsaya in ja numfashi, in sauko. Safe, rana, dare. Na ɗauko alli cikin jakar makaranta na ba autana, shi ke hawa kujera ya ja layi inda yatsana ya tsaya. Layin hagu yana can sama, na dama ko goshina bai kai ba. Wata rana a samu ƙarin faɗin yatsa, wata rana a koma baya. Akwai kuma kwanciya rigingine in riƙe muciya da hannu biyu, na hagu ya ja na dama zuwa saman kai. Gwaggo na zaune bakin gado da carbinta tana cewa, "Ke dai kin rantse sai kin ɓalle ɗinkin nan." Ɗinki bai ɓalle ba. Amma wajen sati na huɗu wata jijiya ta miƙe ta ɗaure tun daga hammata har gwiwar hannu, ana ganinta, ana taɓa ta da yatsa, in na miƙa hannu sai ta riƙe ni. Nan aka tura ni sashen gashin ƙashi. Ma'aikaciyar ta riƙa murza ta tana ja a hankali, hawaye na zubo mani, ta ce in ci gaba da bangon, kar in fasa. Makonni aka yi kafin ta saki.

Iyakar da aka sa mani ita ce kaya masu nauyi: sati huɗu zuwa shida ba ɗaukar bokiti, ba jan guga, ba daka, ba goyo. A nan kam ni da Gwaggo bakinmu ɗaya.

Ban fahimci dalilin da ya sa suka matsa mani a kan hannun nan ba sai da sakamakon naman da aka cire ya fito. Tunda an sami cutar a kaluluwar hammata, sai an haska wurin da na'ura a kashe abin da ido bai gani ba. A lokacin babu na'urar a Katsina. Sai Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. Sai a 2025 aka buɗe cibiyar masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan garin. Ni asibitin Shika da ke Zariya aka tura ni, muka bi ta Malumfashi da Funtuwa, na sauka wurin 'yar ƙanwar Inna a Samaru. Ranar awo, abin da ma'aikacin ya fara cewa shi ne, "Hajiya, ɗaga hannunki sama da kai, ki riƙe wancan ƙarfen." A haka ake kwanciya, hannu a sama, ba motsi, don hasken ya sami ƙirji da hammata ba tare da hannun ya tare ba. Nawa ya kai, da ƙyar, yana rawa. A benci na zauna da wata baiwar Allah daga wajen Gusau da aka ce ta koma ta yi gashin ƙashi tukuna, don nata ko kafaɗa bai wuce ba. Ta ce tun da aka yi mata aiki 'ya'yanta ba su bar ta ta ɗauki ko kofi ba. Da alfahari ta faɗa, kuma ta cancanci ta yi alfahari da su. Sai dai ga kuɗin mota an kashe, ga lokaci na tafiya, cutar kuwa ba ta jira.

Hasken kanshi ba a jin shi. Litinin zuwa Juma'a, 'yan mintoci kullum, sati uku zuwa biyar gwargwadon yadda likita ya tsara. An zana mani alamomi a fata aka ce kar in goge, kar kuma in shafa komai a wurin sai abin da suka yarda. Fatar ta yi duhu ta yi laushi, gajiya kuma ta taru a hankali har hawa matakala ya zama aiki. Kafaɗar ta so ta sake ɗaurewa, don hasken na sa nama ya tattare, sai na nemi bango a gidan da na sauka na ci gaba. Kuɗi kam an kashe. 'Yan kunnena na zinariya sun tafi, adashin makaranta aka ba ni ɗauka biyu a jere, 'yan uwa suka yi karo-karo.

A layin asibitin nan na koyi abin da ba likitan da ya koya mani. Wata dattijuwa ta ga yadda nake karkata kafaɗa ina jan hijabi gaba, ta ja ni gefe ta zaro safa daga rigar mamanta, cike da auduga da ɗan gero a ƙasa don nauyi, an ɗinke bakin. Ta ce in bari fatar ta warke tukuna. Akwai na roba da ake sayarwa, masu kyau, amma kuɗinsu ba na kowa ba ne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Da irin safar nan na koma aji, kuma ranar farko daga tsakiyar allo na fara rubutu, yara na tambayar me ya sa Malama ta bar sama fili. Kafin ƙarshen zangon na koma rubuta kwanan wata a inda aka saba.

Yanzu abin da ya rage kiwo ne. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa kaluluwar hammata hannunta kan kumbura, wani lokaci bayan shekaru, kuma in ya zauna ba ya tafiya gaba ɗaya, sai dai a lallaɓa. Don haka awon jini da allura hagu nake miƙawa. Awarwaro da zobe na dama na cire su. In wuƙa ta yanke ni wurin yanka albasa, ko mai ya fallatso mani, nan take nake wankewa in sa magani, in kuma sa ido ko wurin zai yi ja. Lokacin zafin Katsina, watan Afrilu da Mayu, hannun kan yi nauyi da yamma, sai in ɗora shi kan matashi in yi ta dunƙulewa ina buɗewa. Cikin damtsen har yau rabin ji gare shi.

Gwajin ya nuna dajina irin wanda sinadarin mata, istrojin, ke ciyarwa ne, don haka aka ɗora ni kan tamoksifen, ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum, shekara 5 ko fiye. Yana sa zufa ta karyo mani tsakar dare ko da hunturu. An ce kar in ɗauki ciki ina shan shi, in kuma na ga jinin da ba na al'ada ba in zo da wuri. Ganin likita duk bayan 'yan watanni ne, hoton maman hagu kuma shekara-shekara. Daren da zan je ba na barcin kirki, har yanzu.

Wata mai kamawa nake da layi, na kuma riga na rubuta tambayoyina a bayan kati don kar in manta a gabanshi. Mun fara tarin kuɗin Hajji ni da Malam. Ina so in ji ko sai na sa safar hannu mai matsewa a cikin jirgi, da yadda zan yi da zafin Mina, da kuma ko hannun zai ɗauki jifa ko in wakilta.